Daga Gashin Jariri zuwa Dilka: Tarihin Tausar Fuska a Kudancin Maraɗi

A jikin kwalayen man shafawa da ake jerawa a shagunan Maraɗi, da cikin hotunan da ke yawo a wayoyin ƴammata, ana yawan cin karo da kalmar Faransanci “massage du visage”, ana tallata ta tamkar wani sabon ilimi da ya tsallako mana daga Turai ko Asiya. Masu tallar suna cewa tausar fuska tana gyara fata, tana kore tamoji, tana kwantar da hankali. Wani sashe na wannan magana gaskiya ne, wani kuma cika baki ne irin na mai neman ciniki. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, a ƙauyukan Ɗan Issa da Madarunfa da Gabi, hannun tsohuwa ya daɗe yana bin fuskar jariri da ɗumi da mai tun kafin a san kwalba da kwali.

Dalilin da ya sa ba mu gane abin namu ba a cikin na baƙi shi ne, Bahaushe bai tara wannan aiki ƙarƙashin suna guda ba. Ya rarraba shi cikin kalmomi da yawa, kowace da muhallinta: tausa da matsa ga gajiyayyen jiki, gashi ga jariri da mai jego, cuɗa ga mai alwala da mai wanka, murza da mulke ga amarya, shafa ga mai. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan kalmomi cikin tarihi, ta duba inda al'adar ta samo kayan aikinta, da abin da binciken likitoci ya tabbatar ko ya ƙaryata a cikinta, da kuma halin da fatar ƴaƴanmu ta shiga tun da aka fara barinta.

Ƙasa guda da iyaka ta raba

Ɗan Issa tana kimanin kilomita 40 kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauke ta a matsayin ƙarshen ƙasa. A zahiri kuwa tsakiyar tsohuwar ƙasar Katsina ce. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, kuma kimanin shekaru goma bayan haka Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar sarauta a Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsawon ƙarni na 19, dajin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina fagen hare-hare ne. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a watan Janairu na 1851, ya ratsa shi cikin ɗar-ɗar. Iyakar da muke gani yau kuwa, Faransa da Ingila ne suka shata ta a takarda cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya kafa mata alamu a ƙasa tsakanin 1906 da 1908.

Duk wannan bai raba ɗakin mai jego biyu ba. Auratayya ta ci gaba, ƴar Jibiya ta zo goyon ciki Ɗan Issa, ƴar Madarunfa ta yi wankan jegonta a Katsina, kuma kowace ta tafi da abin da ta gani a hannun uwarta. Saboda haka tarihin gyaran fuska a wannan yanki ba ya tsayawa a shingen duwan; abin da aka rubuta game da Katsina da Zazzau yana haskaka namu, namu kuma yana haskaka nasu.

Matsayin fuska a bakin Bahaushe

Kafin a tambayi abin da ake yi wa fuska, ya kamata a san abin da take nufi. Harshenmu ya ɗora mata nauyin da bai ɗora wa wata gaɓa ba. Labarin zuciya, in ji masu magana, a tambayi fuska. Mai karɓar baƙo da fara'a ya saki fuska, mai fushi ya ɗaure ta, munafuki yana da guda biyu, wanda aka wulakanta an ci tasa. Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A duk waɗannan maganganu, fuska ita ce mutuncin mutum da ake gani da ido.

A zamanin da, ita ce kuma takardar shaidarsa. Wanzami, wanda ke zuwa ranar suna da zabirarsa don askin jariri, shi ne ke tsaga alamar dangi a kunci. Tsagen Gobirawa da ke tasowa daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, da zanen Katsinawa, da bille, da ƴar baka, duk rubutu ne da kowa ke iya karantawa. A lokacin da harin bayi ya zama ruwan dare tsakanin Maraɗi da maƙwabtanta, yaron da aka sace yana iya girma a wata ƙasa, amma fuskarsa tana faɗin inda ya fito. Wannan al'ada ta ja baya ƙwarai. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Amma tana nuna mana abu guda: aikin fuska ya kasu tun asali tsakanin hannu biyu. Aska ta namiji ce, ta wanzami, sana'a mai sarauta da gado. Ɗumi da mai kuwa na mace ne, ana yinsu a bayan zana, ba su da sarki, ba su da maroƙi. Shi ya sa na farko ya shiga littattafan masu bincike da yawa, na biyu kuma ya kusa wucewa ba a rubuta shi ba.

Hannun ungozoma

Tausar fuska ta farko da Bahaushe ke samu a duniya ita ce ta kwanakin haihuwa. Bayan an yanke cibiya an yi wa jariri wanka, ungozoma ko kaka takan miƙe ƙafafu ta kwantar da shi a kai. Sai ta tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi, ta matse, ta riƙa dannawa a hankali a kan goshi da kumatu da bayan kunne da ƙeya, kafin ta gangara zuwa ƙirji da gaɓoɓi. Wannan shi ne gashi. Daga nan ta lakato mai, ta narkar da shi tsakanin tafukanta, ta bi fuskar daga karan hanci zuwa gefe, ta shafe gira da babban yatsa, ta mulmula kai, ta ɗan ja hanci tsakanin yatsu biyu. A ƙarshe ta zizara kwalli. Ana maimaita wannan safe da yamma, a gidaje da yawa har a yi arba'in.

Tsofaffi suna ba da dalilai uku. Na farko, jariri ya sha matsi a hanyar fitowa, jikinsa yana ciwo, ɗumi ne ke warware shi ya samu barci. Na biyu, fatarsa sabuwa ce, iska za ta busar da ita idan ba a rufe ta da mai ba, balle wanda aka haifa cikin hunturu. Na uku shi ne na ƙawa: a gyara kai ya yi kyan zubi, a ja hanci ya miƙe, domin dogon hanci abin yabo ne a wajenmu har ana cewa wance hancinta har baka.

Wannan dalili na uku ba namu ba ne mu kaɗai. Soranus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya umurci mai reno ta daidaita kan jariri da hancinsa da hannu bayan wanka. Ibn Sina, wanda ya kammala babban littafinsa na likitanci wajen 1025, shi ma ya yi bayanin tausa gaɓoɓin jariri a hankali don su samu kyan siffa. Ashe tsohuwar Ɗan Issa da ba ta taɓa jin sunansu ba tana kan tafarkin da manyan likitocin duniya suka bi fiye da shekara dubu.

Mai jego ita ma tana da nata rabon. Wankan ruwan zafi da ganye, wanda a da ake yi da runhu ko tsamiya, daga baya bedi ya shigo cikinsu bayan da aka yaɗa shukarsa a zamanin Turawa, yana ƙarewa ne da shafe jiki da mai tun daga fuska. A ranar da ta fito, ana sa ran a ga fatarta tana sheƙi, domin wannan ce shaidar cewa danginta sun kula da ita. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, yana cikin tsofaffin bayanan da mace Bahaushiya ta bayar da kanta game da jego da lalle da wankan amarya. Game da yankinmu kuwa, Barbara Cooper, wadda ta yi shekaru tana bincike a Maraɗi, ta fitar da littafi kan tarihin aure a 1997, da wani kan tarihin haihuwa a Sahel a 2019.

Mai da kwalli a kan hanyar fatake

Tausa ba ta yiwuwa da busasshen hannu, don haka tarihinta yana tafiya da tarihin mai. Mafi kusa shi ne man shanu, wanda matan Fulani ke kawowa a ƙwarya. Sai man gyaɗa da na riɗi, waɗanda mata ke matsewa a gida, da man ƙwallon aduwa. Daga kudu ake kawo alayyadi, wanda ake samu daga ƙwarar kwakwar manja, iyaye mata suna son shi don jikin jarirai. Amma sarkinsu duka shi ne man kaɗe. Itacen kaɗanya ya fi son ƙasar da ta fi tamu ruwa, kamar Gaya da Borgu da Nufe da kudancin Zazzau, kuma yakan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara ƴaƴa. Saboda haka yawancinsa da jaki ya riƙa iso mana.

Tsufan wannan ciniki ba ƙarami ba ne. Ibn Battuta, a tafiyarsa ta ƙasar Mali tsakanin 1352 da 1353, ya ga wani mai da ake fitarwa daga ƙwallon itace, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa a jiki. Masana da dama suna ganin man kaɗe ne. Mungo Park ya sake bayyana shi a littafinsa na 1799, har masana tsirrai suka daɗe suna kiran itacen da sunansa. A yau kamfanonin Turai suna zuba shi cikin man fuska mai tsada da sunan “karité”, su dawo mana da shi cikin kwalba.

Kwalli, ko tozali, dutse ne mai walƙiya da fatake ke sayowa daga ƙasashen kogin Binuwai, wani kuma ya ƙetaro Sahara. Ana niƙa shi a zuba a tandu. Ga katambiri, wanda ƴammata ke ɗiga baƙin ruwansa a goshi da kumatu ranar kasuwa ko salla, ga lalle, ga sabulun salo da ake dafawa da toka da mai. Idan aka dubi waɗannan kaya gaba ɗaya, za a ga babu ɗaya da aka yi don ya sauya launin mutum na dindindin. Manufarsu fata ta yi laushi, ta yi santsi, ta yi sheƙi a kan launin da Allah ya ba ta. Baƙa da wankan tarwaɗa da fara, kowace tana da kirarinta.

Cuɗawa a wajen malamai, dilka a wajen amare

Akwai wata hanya ta biyu da hannu ya bi ya saba da fuska, ita ce ta ibada. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, zuba ruwa kaɗai ba ya isa a alwala da wanka, sai an bi shi da hannu. Ahalari, ɗan littafin da malamin nan na Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16 wanda kowane almajiri ke farawa da shi, ya ƙidaya cuɗawa cikin farillan alwala bakwai, alhali sauran mazhabobi sun ɗauke ta sunna. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta ma fayyace inda yatsu za su bi: kwarmin fatar ido, da layukan goshi, da ƙasan hanci. Ba don kwalliya aka shar'anta wannan ba, amma sakamakonsa shi ne, tun da Musulunci ya kafu a Katsina, mutum yakan bi fuskarsa da ruwa da tafin hannu sau da dama kowace rana, a ƙasa mai ƙura da ciwon ido.

Kalmar Larabci da malamai ke fassarawa da cuɗawa ita ce “dalk”. Ita ce kuma kalmar da Ibn Sina ya yi amfani da ita ga tausa, inda ya kasa ta zuwa mai ƙarfi da mai taushi, mai yawa da kaɗan. Daga wannan saiwa ce kalmar dilka ta tsiro. A Sudan, dilka curi ne da ake haɗawa da garin dawa da kayan ƙamshi irin su sandal da kanumfari, a turara shi da hayaƙin itace, sannan a murje jiki da shi. Ta iso ƙasar Hausa ta gabas, ta hannun matan Shuwa da Barebari, tare da halawa da humra da turaren wuta. Hanyar ba baƙuwa ba ce: ita ce tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, wadda ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nil. A yau da wuya a kai amarya a Maraɗi ko Katsina ba a yi mata kwanakin gyaran jiki ba, kuma mai dilka ta zama mai sana'a da ake biya. Ta zo ta tarar da arwanka da lallenta, suka zauna tare.

Yadda Turawa suka sa wa abin suna

Ɗalibanmu na Faransanci za su yi mamaki idan suka ji cewa kalmar “masser” baƙuwa ce a harshen. Ta fara bayyana a rubuce ne a 1779, cikin labarin tafiyar Le Gentil zuwa tekun Indiya, kuma manyan ƙamusoshin Faransa suna danganta ta da kalmar Larabci “massa”, wato taɓawa. A ƙarni na 19 ne Turai ta mai da tausa fannin karatu, musamman bayan makarantar motsa jiki da Per Henrik Ling ya buɗe a Stockholm a 1813. Ta fuska kuwa, likitan fata Lucien Jacquet ne ya fito da salon ƴan mintsine-mintsine a Paris a farkon ƙarni na 20, salon da har yau ake koyarwa da sunansa. A 1936 Emil Vodder ya gabatar, a Paris ɗin dai, da tausa mai laushi ta kore ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata. Tausar jarirai ma sai a 1976 ta yi farin jini a Faransa, bayan da likita Frédérick Leboyer ya buga littafi game da wata uwa da ya gani tana yi wa ɗanta a Kalkata ta Indiya.

Bambancin da ke tsakaninsu da mu a bayyane yake. Su sun rubuta, sun zana hoton tafiyar yatsa, sun sa sunan mutum a kan kowane salo, sun ba da takardar shaida. Mu kuwa mun bar abin a hannun tsofaffi, kuma duk tsohuwar da ta rasu ta tafi da nata.

Abin da ma'aunin likita ya nuna

Son al'ada bai kamata ya hana mu auna ta ba. A ɓangaren jarirai, hujja tana da ƙarfi. A 1986 Tiffany Field ta nuna a Miami ta Amurka cewa bakwainin da ake yi wa tausa ta minti 15 sau uku a rana, tsawon kwana goma, sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari. A Bangladash, binciken da Gary Darmstadt ya jagoranta, wanda aka buga a 2005, ya gano cewa shafa wa bakwaini man furen rana ya rage kamuwa da ƙwayoyin cuta a asibiti da kimanin kashi 40 cikin ɗari, domin mai yana toshe ƙofofin da cuta ke bi a fatar da ba ta ƙosa ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shafa irin wannan mai cikin shawarwarinta na kula da bakwaini. Dalilai biyu na farko na kakanninmu, wato barci da kare fata, sun samu goyon baya. Sai dai ba kowane mai ne ya dace ba, kuma dole ya kasance mai tsabta.

A ɓangaren manya, hujjar ta fi sauƙi. Wani gwaji da aka yi a Tokyo aka buga a 2018 ya nuna cewa murza kunci na minti biyar yana ƙara gudun jini a fatar wurin har fiye da minti goma bayan an daina, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Sananne ne kuma cewa tausa tana sassauta naman muƙamuƙi da na goshi, tana rage kumburin safiya na ɗan lokaci, kuma masu gashin ƙashi na asibiti suna amfani da ita wajen tausasa tabo. Zancen cewa tana mai da tsohuwa yarinya kuwa, babu ma'aunin da ya tabbatar da shi.

Akwai kuma inda al'ada ta yi kuskure. Siffar hanci gado ce, ja ba ya ƙara mata tsawo. Kan jariri da ya tsawaita wajen haihuwa yakan koma daidai da kansa cikin ƴan kwanaki, kuma danna maɗiga haɗari ne. Ruwan gashi idan ya wuce ɗumi yakan ƙona fata. A Zariya, likitoci Davidson da Parry sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakonsu a 1978, inda suka danganta yawan ciwon da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, da yawan kunun kanwa. Kwalli kuma, yawancinsa dalma ce: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, kuma tozalin da ake sa masa ya ƙunshi dalma fiye da kashi 80 cikin ɗari. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da an ga alama ba. Idon jariri ya fi aminci ba kwalli.

Daga man kaɗe zuwa man bilicin

Sauyi ya fara ne da kanti. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kamfanonin Turawa suka buɗe rassa a Maraɗi, kuma cikin kayan da suka kawo akwai sabulu mai ƙamshi da hoda da basilin, wanda aka ƙirƙiro a Amurka tun 1872. Lefe ya fara ɗaukar kwalabe. Man shanu ya zama abin gori, ana cewa warin ƙauye. Wannan kaɗai ba babbar asara ba ce, domin basilin yana kare fata daga hunturu yadda ya kamata. A shekarun 1960 kuma hukuma ta fara horar da ungozomomin ƙauye a jihar Maraɗi kan tsabtar hannu da yankan cibiya, abin da ya ceci rayuka.

Asarar ta zo ne lokacin da manufa ta sauya daga sheƙi zuwa fari. Finafinai da hotunan talla, daga baya kuma wayar hannu, sun koya wa ƴammata cewa haske shi ne kyau, kuma hanyar Jibiya, wadda a da ke kawo man kaɗe, ta koma kawo man bilicin. Sinadarai uku ne ke cikin yawancinsa: haidirokinon, da zaiba, da magunguna masu ƙarfi na dangin kotizon waɗanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Na farko, idan aka daɗe ana shafawa, yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani. Zaiba tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Na uku yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo ƙuraje da makero da nankarwa, ya hana rauni warkewa, wani lokaci ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Fuskar da ta kai wannan hali ko tausa ba ta iya ɗauka.

Tarayyar Turai ta hana haidirokinon cikin kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa ta hana man bilicin a 2015, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Adadin da aka fi ambata, wato kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa a 2011, ya samo asali ne daga binciken ƴan kasuwar Legas, don haka bai kamata a ɗora shi a kan ƙauyukanmu kai tsaye ba. Amma duk malamin da ke tsayawa gaban aji a kolej ko lise ya san fuskar da ta yi fari alhali gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi. Abin takaici, har cikin kayan dilka wasu masu gyaran amare suna zuba irin waɗannan sinadarai, don a ga aikinsu cikin mako guda.

Abin da ya rage a wuyanmu

Tarihin da muka bi ya raba gadonmu gida biyu. Ɗumi madaidaici, da mai mai tsabta, da hannu mai taushi, da ra'ayin cewa kyan fata shi ne lafiyarta a kan launinta, waɗannan abin riƙewa ne, kuma likitoci sun gaskata mafi yawansu. Ruwa mai ƙuna, da danna maɗiga, da kwallin jariri, da yawan kanwa, waɗannan abin bari ne, kuma barinsu ba cin amanar kakanni ba ne, domin su ma lafiyar ɗan suke nema.

Aikin farko shi ne rubutawa. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyin da ke kan malaman Hausa ya ƙaru, kuma harshe ba ya riƙe wannan matsayi da kalmomin ofis kaɗai. Malami yana iya tura ɗalibansa, musamman ƴammata, su zauna da ungozomomin unguwarsu su rubuto sunan kowane mai da kowane ganye da kowane motsin hannu, da abin da ake faɗa lokacin yinsa. Ƙungiyoyin al'adu suna iya tattara waɗannan rubuce-rubuce daga Ɗan Issa da Jirataua da Safo da Gabi, su miƙa su ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa tun 1968 don adana adabin baka.

Aiki na biyu shi ne haɗa tsohuwa da sajfam a tabarma guda, kowace ta ji ta bakin ƴar'uwarta, domin mai jego ta daina jin umurni biyu masu karo da juna, ɗaya a asibiti ɗaya a gida. Na uku kuwa yana cikin aji: a darasin Hausa a karanta wa yara kalmomin da kakanninsu ke yabon baƙar fata da su, a darasin kimiyya a nuna musu abin da ke cikin kwalbar da suke saye. Yarinyar da ta san duka biyun, ita za ta zaɓa wa fuskarta da ta ɗanta abin da ya dace.